In abokan karatu a Japan suka ce ka raka su Tenmangu

Wanga rubutu na ƙannenmu ne na Danfodiyo masu neman sikolashif ɗin MEXT na gwamnatin Japan. In Allah ya sa ka tahi Japan, da Janairu ta kama, lokacin jarabawar shiga jami'a, wani zai ce ka raka shi Tenmangu, to gara ka san wurin tun kana nan Sakkwato.

Wurin bauta ne na addinin Shinto, an gina shi don Sugawara no Michizane, masani kuma babban bafade da aka yi wa makirci aka kore shi zuwa Dazaifu a 901, ya mutu can a 903, daga baya da annoba da tsawa suka addabi Kyoto sai suka ce fushinsa ne, suka mai da shi abin bautar ilimi suna ce masa Tenjin. Tenmangu ba guda ɗaya ba ne: Dazaifu Tenmangu a Fukuoka bisa kabarinsa yake, Kitano Tenmangu na Kyoto tun 947, sai Yushima Tenjin kusa da jami'ar Tokyo.

Ni a ganina kallo daban, ibada daban, ka rarrabe su sosai. Da ka shiga torii, wato babbar ƙofar shiga wurin, bi gefe, tsakiyar hanya ta abin bautarsu ce a wurinsu. Kwamin ruwan da suke wanke hannu da baki tsarkinsu ne, wuce kawai. Gaban babban ɗaki za ka ga suna jefa kwandala, su sunkuya sau biyu, tafi biyu, su ƙara sunkuyawa, nan fa ibada ce tsantsa, ja gefe ka jira abokinka shiru, babu mai tilasta ka wallahi. Haka gunkin bijimi da suke shafa kansa wai don basira, da allunan ema da suke rubuta sunan makarantar da suke so su rataye.

Inda ake jin nauyi shi ne in aboki ya sawo maka omamori, layarsu ta cin jarabawa, don ƙauna ya yi. Ka gode masa da sakin fuska, ka ce addininka bai yarda da riƙe ta ba, kada ka amsa ka je ka jefa a shara.

Kar ka ɗauki hoton mai addu'a ko rubutun ema, sunayen mutane na jiki. In da hali ka je Fabrairu, lokacin ne itatuwan ume, wato plum na Japan, ke fure, kuma ka duba lokacin salla kafin ka hau jirgin ƙasa.