Yadda ake gyara tsohon gidan gona na katako a Ingila ba tare da ka jawo wa kanka shari'a ba

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan Kent ko Suffolk ya ga irin gidajen nan, katako a tsaye a gicciye kamar haƙarƙari, tsakaninsu fari fat, wani ma ya karkace kamar zai faɗi amma shekara 500 kenan yana nan abinsa. Ƙashin gidan itacen oak ne, an fafe wannan an zura wancan an soke da turakun ice, ba ƙusa. Idan Allah ya sa irinsa ya faɗo hannunka to ga yadda za ka bi da shi.

Kafin ka ɗauki guduma, shiga intanet ka duba rajistar gine-ginen tarihi da doka ta kare, wadda hukumar Historic England ke riƙe da ita, ko gidan na ciki, kyauta ne. Mataki uku ne, Grade I, Grade II* da Grade II, kuma sama da kashi 90 cikin 100 duk Grade II ne. In dai an gina shi kafin 1700 kuma bai sauya kama sosai ba, to kusan tabbas yana ciki. Inda mutane ke ruftawa shi ne su ɗauka fuskar gidan kawai aka kare, a'a, har ciki ne, matakala, murhu, ƙofofi, wani lokacin har tsohon rumbu ko barga da ke harabar.

Daga nan sai ka nemi jami'in kula da tsofaffin gine-gine na ƙaramar hukuma, ka gayyato shi ya zo ya gani da idonsa tun ba ka cike fam ba. Neman izinin yin aiki a gidan da ke cikin rajistar ba a biyan ko kwabo, amsa kuma kan ɗauki kamar mako 8, sai dai zane da hotuna da bayanin tarihin gidan kai za ka biya wanda zai haɗa maka. Kar ka ce ai gidana ne da kuɗina na saya. Dokar kare tsofaffin gine-gine ta 1990 ta ce yin aiki ba izini laifi ne, tara ba ta da iyaka, ana iya ɗaure mutum har shekara 2, kuma abin haushin ma ɓarnar da mai gidan da ya gabace ka ya yi kai za a sa ka gyara, don haka a tone wannan tun wajen ciniki.

To yanzu ainihin aikin. Babban makiyin gidan nan ruwa ne, saboda haka fara daga sama, rufi, indararo, duk inda yake yoyo. Sai ka sauko ƙasa ka durƙusa wajen gungumen da ke kwance a gindin bango wanda ginshiƙai suka hau kansa, nan ne yake fara ruɓewa, musamman in ƙasar waje ta taru ta rufe shi ko an malala kankare har jikinsa. Ɗauki sukurdireba ka ɗan soka. Oak mai lafiya tauri gare shi kamar ƙarfe, in ka ji ta shige luɓus kamar cikin burodi to akwai aiki. Ƙananan ramuka da garin ice a ƙasa kuwa ƙwaro ne, kuma danshi ne ya gayyato shi, ka busar da wurin kafin ka fara tunanin feshi.

Kafinta nagari ba ya cire gungume gaba ɗaya, ruɓaɓɓen wurin kawai yake yankewa ya ɗora sabon oak ya haɗe. In ka ji yana cewa a daddage gidan a miƙar da shi, sallame shi kawai, karkacewar nan tun zamanin kakannin kakanni ta zauna, ɗanyen ice aka yi aikin da shi ya bushe a haka.

Bangon tsakanin katakon kuwa mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tsumagu ne aka saƙa aka yaɓe da laka haɗe da ciyawa da kashin shanu. Kuma duk wanda ya ga an shafe katangar ƙasa da siminti a gida ya san ƙarshen labarin, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, wata rana a wayi gari filastar ta ɓanɓaro da rabin bango. Haka yake a can sak, sai dai can katakon ne ke ruɓewa a ɓoye. Don haka siminti da fentin roba a ajiye su gefe, a yi da farar ƙasa, ita tana barin bango ya sha iska. Tsohuwar lakar da ta zubo ma kar a zubar, a jiƙa ta a sake kwaɓawa a mayar.

Sai ka hau cikin rufin da tocila. In ka ga katakon ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya kar ka kuskura ka kankare, shaida ce cewa da can a tsakar zaure ake hura wuta hayaƙi na fita ta rufi, tun kafin a saka bututun hayaƙi. Za ka kuma ga lambobin Romawa da kafintoci suka tsaga, don a ƙasa suke haɗa komai tukunna su kwance su zo su tayar. In kana son sanin shekarun gidan akwai masu huda katakon su zaro ɗan siririn ice su ƙirga zoben bishiyar, wani lokacin har shekarar da aka sare ta suke faɗa. Jemagu kuma in ka same su a ciki ka dakata, su ma doka ta kare su, sai an kawo masani.

In kana da hali ka je gidan tarihi na Weald and Downland a Sussex ka ga Bayleaf, gidan gona ne na farkon ƙarni na 15 da aka kwance daga Kent lokacin da za a yi dam aka sake tayarwa a can, har yau murhunsa na tsakar zaure. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta SPAB da William Morris ya kafa a 1877 kuma tana da layin waya na ba da shawara kyauta, ka ɗauki hotunan gungumen nan na ƙasa ka riƙe a hannu kafin ka buga musu.