Kurakuran da ke zubar da darajar tsofaffin mujallun komik na jarumai

A watan Afrilun 2024, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke Amurka ya sayar da kwafi ɗaya na Action Comics lamba 1 a kan dala miliyan 6. Mujallar ce da Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938, lokacin ana sayar da ita santi 10. Irin wannan labari ne ke sa mutane su buɗe tsohon akwati cike da zumuɗi, kuma a cikin zumuɗin nan ake tafka asarar da ba ta gyaruwa.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne gyara. Mutum ya ga bango ya ɗan yage, sai ya ɗauko salatif ya manna. Ya ga baƙin layi ya koɗe a gefe, sai ya bi shi da biro. Wani ma almakashi yake sa wa ya daidaita bakin takarda don ya yi tsaf. A ganinsa ya kyautata, amma a wurin masu tarawa ya lalata. Kamfanin tantance mujallu na CGC da ke jihar Florida a Amurka, wanda tun 2000 yake duba mujallu yana ba su maki daga 0.5 zuwa 10, yana da masu binciken da aikinsu ke nan. Idan suka gano an ƙara launi, ko an sa gam, ko an cike gurbi da wata takarda, sai su liƙa wa mujallar takardar shaida mai launin shunayya maimakon shuɗiyar da ake ba wadda ba a taɓa ba, kuma farashinta ya faɗi ƙasa sosai. Salatif kuwa yana da nasa sharrin: gam ɗinsa yana ratsa takarda da shekaru, ya bar tabo ruwan ƙasa. Maganin abu ne mai sauƙi amma mai wuyar jurewa: a bar ta yadda aka same ta. Tsohuwar mujalla mai tabonta na asali ta fi wadda aka yi wa kwalliya kuɗi. Idan lanƙwasa ce kawai, akwai ƙwararru masu danne takarda da na'ura, kuma CGC ba ya ɗaukar wannan a matsayin gyara. Amma ba da dutsen guga na gida ba.

Kusa da wannan akwai riƙon sakaci. A 2013 wani mai gyaran gidaje a jihar Minnesota ya tsinci Action Comics lamba 1 a cikin bangon wani tsohon gida. Ana cikin gardama da wata 'yar uwa a kan mujallar, bangon bayanta ya yage. Ta sami maki 1.5, aka sayar da ita dala 175,000, kuma dillalin da ya sayar ya ƙiyasta cewa yagewar ta ci kusan dala 75,000. Abin takaici ne, mujallar da ta yi shekara saba'in da biyar a ɓoye ta ji rauni a hannun waɗanda suka same ta. Duk wanda ya ci karo da irinta, ya wanke hannu ya shanya, ya shimfiɗa ta a kan tebur, kada ya buɗe ta warwar har ƙusoshin tsakiya su ja takarda.

Sai zaton cewa duk abin da aka rubuta wa lamba 1, ko duk abin da ya tsufa, dukiya ne. Mujallun shekarun 1930 da 1940 sun yi tsada ne don kaɗan suka tsira. Yara sun karanta su har suka yage, iyaye sun zubar, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu an tattara takardu da yawa a Amurka don sake sarrafawa. Action Comics lamba 1 ana ƙiyasta kusan kwafi ɗari ne suka rage. X-Men lamba 1 na 1991 kuwa an sayar da fiye da kwafi miliyan 8, kuma yawancin masu saye sun adana nasu cikin leda suna jiran arziki. Haka aka yi da Superman lamba 75 a ƙarshen 1992, wadda aka kashe jarumin a cikinta. Kowa ya ajiye, don haka yau ba su da wani farashin kirki. Kasuwar ta rushe bayan 'yan shekaru, har Marvel, kamfanin da ke buga X-Men da Spider-Man, ta shiga kotun fatara a Disambar 1996. Abin da masu tarawa ke bi shi ne fitowar farko ta jarumi: Batman a Detective Comics lamba 27 na 1939, Spider-Man a Amazing Fantasy lamba 15 na 1962, wadda kwafinta mai maki 9.6 ya kai dala miliyan 3.6 a 2021.

Akwai kuma ruɗewa da sabon bugu. A 1974 kamfanin DC, mai buga mujallun Superman, ya sake buga Action Comics lamba 1 cikin jerin Famous First Edition. Idan aka cire bangon waje, tana kama da ta asali ƙwarai, kuma an sha yaudarar mutane da ita. Sai dai ta fi ta asali girma nesa ba kusa ba, awo kaɗai ya isa ya tona asiri. A kowace mujalla, a karanta ƙananan rubutun mawallafi da ke ƙasan shafin farko ko a cikin bango, a nan shekarar bugu take.

A ƙirga shafuka kafin a biya. A tsakiyar shekarun 1970 Marvel ta riƙa buga wasu 'yan kan sarki a cikin mujallunta don yara su yanke su tara. Incredible Hulk lamba 181 ta 1974, inda jarumi Wolverine ya fara cikakkiyar fitowa, tana ɗauke da ɗaya, kuma kwafi da yawa an yanke musu. Daga waje ba a gani.

Ajiya ma ana raina ta. Takardar waɗannan mujallu irin ta jarida ce mai arha, akwai sinadarin asid a jikinta, zafi da laima da hasken rana suna sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Tarin mujallun wani mutum mai suna Edgar Church da aka gano a birnin Denver na Amurka a 1977 ya shahara ne saboda farin takardunsa, kuma busasshiyar iska mai sanyi ta garin ta taimaka. A sa kowace mujalla cikin ledar Mylar, wata leda ta musamman ta adana takardu, da kwali marar asid a bayanta, a jera su a tsaye cikin akwati, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da taga da rufin kwano. Inda damina ke da ƙarfi ko akwai gara, a riƙa buɗe akwatin ana dubawa lokaci zuwa lokaci.

Wajen sayarwa, kada a dogara da farashin da wani ya rubuta a kasuwar intanet ta eBay yana jiran mai saye. A nemi abin da aka biya a zahiri kan kwafi mai maki iri ɗaya, domin tsakanin maki 4 da maki 9 farashi kan ninka sau da yawa.