Yadda ake zaɓen haruffa marasa ado don allon shago da takardar sanarwa

In ka bi ta kasuwar Dole ko titunan Zango, duba allunan shaguna. Wanda ka karanta kana bisa kabu-kabu ba tare da ka tsaya ba, galibi haruffansa miƙaƙƙu ne, babu ƴan ƙafafun nan da ake maƙala wa ƙarshen harafi, kaurin sandunansu kusan ɗaya. Su ake kira marasa ado. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Helvetica, wanda Max Miedinger da Eduard Hoffmann suka zana a Suwizalan a 1957, da nufin harafi ya isar da saƙo ba tare da ya ja ido zuwa kansa ba. Arial da ke kwamfutocinmu ya biyo baya a 1982.

Da farko ka san inda rubutun zai zauna. Allon farmasi, jerin farashi, sanarwar makaranta da takardar magani duk irin wannan zubin suke so. Katin biki kuwa yana iya ɗaukar kwalliya.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi, don nan ake cutar Hausa. Samfuran haruffa da yawa an zana su ne don harsunan Turai, ba su da haruffanmu masu ƙugiya. Kafin ka amince da kowane samfuri, buga masa wannan: Ɗan ƙauye ya ɓoye ƴaƴan ɗinya. Sa'an nan ka buga manyansu, Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ. In ka ga ɗan akwati a gurbin harafi, ko ƙ ta fito siririya kamar baƙuwa cikin ƴan'uwanta, to kwamfuta ta aro ta ne daga wani samfurin. Bar shi. Kada ka yarda a ce maka "a sa k kawai, za a gane", domin ƙafa daban, kafa daban, haka ƙasa da kasa. Ka lura da ƴ musamman: mu a Nijar da ita muke rubutu, a Najeriya kuwa 'y suke sawa. Noto Sans na Google da Andika, wanda ƙungiyar SIL ta yi don masu koyon karatu, duka suna da haruffan nan, kuma kyauta ne. Tunda yawancin allunanmu na haɗa Hausa da Faransanci, gwada é, è da ç ma.

Bayan haka rubuta Illela, da lamba 1 a gefe. A Helvetica da Arial babbar I da ƙaramar l kusan tagwaye ne. Ga allon shago ba matsala, amma ga takardar ƴan makaranta Andika ya fi, don ya bambanta su sarai.

Samfuri ɗaya ya isa: mai kauri ga sunan shago, na daidai ga sauran bayani. Baƙi bisa fari ko fari bisa shuɗi mai duhu ya fi karantuwa cikin rana da ƙurar hunturu. Lambar salula kuma a raba ta bibbiyu.

Kafin ka kai wurin bugawa, mayar da aikin PDF, wato fayil mai riƙe haruffa yadda ka tsara su, don in ba haka ba, kwamfutarsu in ba ta da samfurinka za ta musanya shi da wani. Buga kwafi ɗaya, manna a bango, ka ja baya taku goma, ka kira yaro ya karanta maka da ƙarfi. Inda ya yi tuntuɓe, nan za ka gyara kafin ka biya kuɗin sauran.