Yadda Zuwa Sashen Gaggawa Zai Taimaka Wajen Gano Sankarar Ciki Da Hanji Da Wuri

Aikin sashen gaggawa shi ne ceto rai a lokacin da aka kawo majinyaci: a tsayar da zubar jini, a ƙara ruwa, a kwantar da raɗaɗi. Binciken musabbabin ciwon yakan zo daga baya, kuma a wannan tsakanin ne sankarar ciki, ko ta hanji, ko ta hanta take samun wurin ɓuya, domin da zarar mutum ya ji sauƙi sai ya ɗauka magana ta ƙare. A Ingila, kusan mutum ɗaya cikin biyar masu sankarar babban hanji ta hanyar gaggawa ake gano cutarsu, galibi bayan ta yi nisa.

Da farko a san abin da ba ya jiran wayewar gari. Aman jini, da baƙin bayan gida mai yauƙi kamar kwalta, da kumburin ciki tare da amai alhali bayan gida da tusa sun tsaya cak, duka suna bukatar asibiti nan take. Haka nan idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida kuma ya koɗe.

Idan an je gaban likita, kada a tsaya ga ciwon yau kaɗai. A faɗi abin da ya faru watannin baya: wandon da ya fara zamewa daga ƙugu ba tare da an rage cin abinci ba, lomar da take tsayawa a ƙirji, ƙoshi bayan cokali uku, gudawa da taurin ciki da suke musanya. A ambaci duk wani ɗan'uwa na jini da ya yi irin wannan sankara, da shekarunsa lokacin da aka gano ta. A kuma kawo kwalayen magungunan da ake sha, saboda asfirin da ibuprofen suna iya sa ciki zubar jini, ƙwayar ƙarin jini kuma tana baƙanta bayan gida ko da babu wata matsala.

A ganina, babban kuskure shi ne saurin gamsuwa da kalmar basir ko olsa. Mutum yana iya samun basir na gaske, kuma akwai ƙari a can cikin hanjinsa yana zubar da jini kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ƙarancin jini na rashin sinadarin ayon a jikin namiji, ko macen da ta daina al'ada, yake bukatar a leƙa ciki da hanji da na'ura mai kyamara, ko da ƙarin jini ya dawo da ƙarfi.

Kafin a bar asibiti, a karɓi sakamakon gwajin jini da na hoto a rubuce, a tambayi ko akwai abin da aka gani da yake bukatar a sake dubawa, sannan a tabbatar an samu ranar ganin likitan ciki. Mai ciwon hanta nau'in B ko C ya nemi a tsara masa duba hanta lokaci-lokaci. Wanda ya kai shekara 45 kuma ya yi tambaya a kan gwajin hanji, domin tun 2021 kwamitin ƙwararrun Amurka ya mayar da shekarun fara gwajin daga 50 zuwa 45, ko da mutum ba ya jin komai.