Kifin na kusa da ƙafarka: yadda nake jefa fatsa a bakin teku

Shekarata ta farko a bakin teku, na ɗauka ƙarfin damtse shi ne su. Sai in ja da baya, in ɗaga sanda, in wurga dalma, wato nauyin da ke jan fatsa ƙasa, iya ƙarfina, in ji daɗi ta faɗa can bayan kumfa. Wata asuba, wani dattijo da jifansa bai fi taku talatin ba ya ciro kifi huɗu ina kallo, ni ko taɓi ban samu ba. Da abin ya ishe shi ya ce, "Yaro, tsallake su kake yi." Ya nuna min wani zirin ruwa mai duhu tsakanin gaɓa da inda igiyar ruwa ke fashewa. A nan suke.

Don haka aikinka na farko, ka je wurin lokacin da teku ya janye, ka bar sanda a gida. Hau tudu ka duba. Za ka ga rairayin ba shimfiɗe yake bai ɗaya ba. Akwai tudun yashi da ya miƙe a cikin ruwa yana bin gaɓa, tsakaninsa da kai kuma akwai kwarmi kamar lambatu. Inda igiya ke fashewa ta yi fari, ba zurfi. Inda ruwan ya yi duhu ya kwanta, nan ne kwarmin. Igiya tana tone yashi, ta fito da tsutsa da ƙananan ƙaguwa, ta zuba su cikin kwarmin nan, kifi kuwa da ruwa ya dawo sai ya biyo abincinsa. Wani wuri za ka ga tudun ya tsinke, ruwa na fita ta gibin. Wannan ita ce ƙofar da kifi ke shiga da fita. Yi mata alama da wani abu a tudu, bishiya ko dutse, domin in teku ya cika komai zai ɓace maka. Kuma ka sake dubawa bayan kowace iska mai ƙarfi, yashi ba ya zama wuri ɗaya.

A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya. Tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. Ya fi tumbatsa a tsayuwar wata da daren 14. Ni dai awa biyun ƙarshe kafin ya cika da awa ɗaya bayan ya fara ja su ne nawa, musamman in sun zo da asuba ko da almuru.

Kaya ba sai ka tara ba. Sanda mai tsawon mita 3.6 zuwa 4.2, don ta ɗaga zare sama da igiya. Zare mai kaurin milimita 0.35, amma a ƙarshensa ka ɗaura wani mai kaurin 0.70 wanda ya kai tsawon sanda biyu, har ya zagaya injin naɗe zare sau biyar ko shida. Kada ka raina wannan. Dalma mai giram 150 in ta tsinka siririn zare a tsakiyar jifa, harsashi ce, kuma ba ta tambayar wanda ke tsaye a gefe. Dalmar ta zama mai kusurwa kamar dala, ko mai ƙafafun waya da ke cafke yashi. Mai zagaye gangarowa za ta yi ta dawo gabanka. Ƙugiya lamba 1/0 zuwa 3/0 ta isa. A ƙasa dalma, sama da ita ƙugiya ɗaya ko biyu a gajerun reshe. Sai guntun bututun roba da za ka kafa a yashi ka jingina sanda, kada injin ya taɓa ƙasa.

Abincin fatsa kuwa, abin da ke rayuwa a wurin ya fi komai: tsutsar yashi, jatan lande, 'yar ƙaguwa, ko yankan sadin ɗanye. Mai laushi sai ka naɗe shi da siririn zaren roba, in ba haka ba shi zai tafi gabas, ƙugiya ta tafi yamma. Bar bakin ƙugiyar a waje. In minti 15 ya wuce shiru, jawo ka duba, sau da yawa ƙaguwa ta riga ta yi kalaci.

Bakin kogi, inda yake zuba cikin teku, lissafinsa daban ne, kuma nan na fi so. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, ya fi na kogi nauyi, sai ya kutsa ta ƙasa, na kogi ya bi ta sama. Za ka ga layi ƙiri-ƙiri inda ruwa ja ya haɗu da kore. Da teku ya fara janyewa, kogi kan koro ƙananan kifi da jatan lande waje, manya kuma su laɓe a gefen ruwan mai gudu suna jira. Kada ka jefa tsakiyar gudun, dalma ba za ta zauna ba. Nemi inda ruwan ya karya kwana ya yi sanyi yana juyawa. Wani lokaci nakan rage dalma zuwa giram 40, in jefa sama da inda nake so, in bar ruwa ya gangaro da ita a hankali.

Wurin nan kuma shi ke cin mutane. Yashin bakin kogi yakan zabtare a ƙarƙashin ƙafa, tudun da ka taka ka tsallaka kuma ruwa kan zagaye shi ta baya kana can kana kallon sanda. Ya taɓa faruwa da ni, na fito ruwa iya ƙirji, jakata ta tafi. Ban ƙara wuce gwiwa ba. Gibin nan da na ce ƙofar kifi ce, in ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi, yi iyo a gicciye kana bin gaɓa har ka fita daga cikinsa. In kana tafiya cikin ruwa, ja ƙafa kada ka ɗaga, saboda kunamar ruwa, wani faffaɗan kifi mai ƙayar dafi a wutsiya, na kwanciya cikin yashi. In ta harbe ka, tsoma wurin cikin ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, sannan asibiti. Tarwadar teku ma ƙayarta kamar ta kurungu take, da filaya ake cire mata ƙugiya.

In kifi ya kama, sassauta birkin injin ya ja in zai ja. Yawanci a taku goman ƙarshe ake asararsa, lokacin da igiya ke komawa da ƙarfi mutum kuma na ja. Ta koma, ka sakar masa. Ta taso, ka naɗe da sauri kana ja da baya, ita za ta ajiye maka shi a kan yashi.

Kafin ka je, tambayi dokar wurin: ƙasashe da yawa na neman lasisi, suna kuma ƙayyade tsawon kifin da za a ɗauka. Wanda bai kai ba, jiƙa hannunka kafin ka riƙe shi, ka mayar. Da ka koma gida, ɗauraye sanda da injin da ruwan famfo a daren, kada ka ce sai gobe. Injina na farko sati biyu na bar shi da gishiri, da na zo juya shi ko motsi bai yi ba.