Yadda ake karanta wa ƙananan yara littattafan Kirsimeti masu hotuna

Da farko dai ku zaɓi littafin da ya yi daidai da shekarun yaron. Ɗan shekara biyu zuwa uku ba zai iya zama ya saurari dogon labari ba, shi hoto yake so da sauti mai daɗi a kunne. Irin wannan yaron ku ba shi The Night Before Christmas, waƙa ce da aka fara bugawa a wata jarida a Amurka a 1823, kuma har yau ana ta sake zana mata hotuna. The Polar Express na 1985 kuwa ku bari sai yaro ya kai biyar ko shida, domin labarin na da ɗan tsawo kuma hotunan masu duhu ne.

Kafin ku zauna da yaro, ku fara karanta littafin ku kaɗai. Nan ne za ku gano wuraren da za su ɗaure masa kai, kuma suna da yawa fa, tunda littattafan nan na ƙasashen sanyi ne, mu kuma Kirsimetinmu cikin hunturu da ƙura yake zuwa. Yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, bai san gidan da ake hura wuta a falo hayaƙi na fita ta bututu ba, ta yaya zai gane Baba Kirsimeti ya shigo ta nan? To ku shirya bayaninku tun kafin ya tambaya, gajere, a yaren gida.

Sai zaman karatun. A kashe talabijin, a ajiye waya, ku ɗora shi a cinya littafin na gabansa, ku bar shi ya riƙa juya shafin da kansa. Kar ku yi sauri, don Allah. Idan ya tsaya yana ƙirga barewa takwas ɗin nan masu jan keken kyaututtuka ku bari ya gama, wannan ma karatu ne. Ni a ganina abin da ya fi shi ne a karanta layi biyu da Turanci don ya ji amon waƙar, sannan a faɗa masa da Hausa kamar ana tatsuniya, ana sauya murya, a kumbura ta in Grinch, dodon nan mai ƙin Kirsimeti a wani littafin, ne ke magana, a yi raɗa in dare ya yi kowa na barci.

In Turancin na ba ku wahala ku nemi The Snowman na Raymond Briggs, 1978, babu rubutu ko ɗaya a ciki, hotuna ne zalla, ku da yaron ne za ku ƙirƙiro maganar.

Kuma ku haɗa da mai labarin haihuwar Yesu daga Luka sura 2, makiyaya da tumakinsu, jariri a komin dabbobi a Baitalami. Wannan kam ba ya buƙatar dogon bayani, yaranmu sun san tumaki sun san makiyayi. In ya ce a sake, a sake masa, ko gobe ma shi ɗin zai ɗauko.