Yadda ake juya dawa da dangin wake don buhun yuriya ya yi auki

Duk wanda ya taɓa noma a baƙar ƙasar nan da ta shimfiɗu daga Jazira zuwa Sinnar har Gadarif, a ƙasar Sudan, ya san halinta: da rani ta dare har ƙafar akuya ta shige, da damina ta kama takalmi ta ƙi saki. A ido ƙasa ce mai ƙarfi, amma abu biyu na abincin shuka sun yi mata ƙaranci, naitirojin da fosfat. Ka yi shekara biyar kana bin dawa da dawa, sai ka ga ganyen ƙasa ya yi rawaya tun kafin ta yi ciki, zangarniya ta ƙanƙance, ƙuduji kuma, wanda maƙwabtanmu ke kira buda, ya rufe gonar da furensa. Da can mai hali shawal, wato buhu, ɗaya na yuriya yake ƙarawa ya wuce wurin. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wannan ƙarin ya fi ƙarfin yawancinmu.

Juya shuka ba baƙon abu ba ne a nan. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, hawasha, wato gonar da ake yanka wa kowane manomi, karɓa-karɓa ta riƙa yi: auduga, dawa, lubiya wadda dangin wake ce, sai hutu, daga baya alkama da gyaɗa suka shigo layi. Kakanninmu da suka zauna Mai Wurno da kewayenta kuwa da al'adar ratsa dawa da wake suka zo. Abin da ya rage shi ne a yi aikin da lissafi.

Fara da raba gonar kashi uku, ka kafa turaku masu ƙwari a kan iyaka, don baɗi ba za ka tuna inda wake ya tsaya ba. Bana kashi biyu hatsi, kashi ɗaya dangin wake. Baɗi waken ya matsa kashi na gaba, dawa ta hau gurbinsa. In ƙuduji ya ci gonar sosai, raba ta biyu kawai, rabi da rabi. Kada ka lissafa riɗi ko auduga cikin masu gyara ƙasa. Suna hutar da gona daga ƙudujin dawa, wannan gaskiya ne, amma ba sa ƙara mata naitirojin ko kaɗan.

Na biyu, zaɓi abin da ƙasarka da ruwanka za su ɗauka. A jigawar Kurdufan da Darfur, inda gero ke mulki, gyaɗa da wake mai saurin nuna su ne abokan tafiya. A laka mai ban ruwa, gyaɗa da lubiya afin, wani wake mai yaɗo da ake ba dabbobi, suna yi, amma lallai a kan kunya, domin saiwar da ta kwana cikin ruwa ba ta aikin komai. A arewa, bakin Nilu, inda sanyin hunturu ke daɗewa, ful masri da kabkabe, su ma dangin wake, su ne ke karɓar alkama. Mai son bin gyaɗa da alkama a shekara guda ya kula da lokaci: alkamar da ta wuce Nuwamba ba a shuka ba, zafi zai riske ta tana cika ido.

Na uku, taki, kuma a nan mutane da yawa ke juya abin. Fosfat na wake ne, yuriya ta hatsi ce. Dangin wake suna da wasu ƙwayoyin halitta da ke zama cikin saiwarsu suna jawo naitirojin daga iska, su ba shukar, ita kuma ta ciyar da su. In ka zuba wa wake yuriya mai yawa, ya sami na banza, sai ya daina wahalar tara nasa, ka biya kuɗi ka kashe aikin da ka shuka shi dominsa. Abin da wannan aiki ke buƙata fosfat ne, supa ko DAP, a binne shi kusa da iri lokacin shuka, don ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya. Buhun DAP mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na fosfat da kilo 9 na naitirojin, kuma ɗan naitirojin ɗin nan ya ishi wake tashi. Ragowar fosfat ɗin ma dawar baɗi za ta same shi.

Bayan sati biyar ko shida da shuka, ɗauki fartanya ka haƙo gindi huɗu ko biyar daga wurare dabam-dabam. Haƙowa na ce, ba tugewa ba, don laka takan riƙe abin da kake nema. Wanke saiwar, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero ko dawa sun manne mata. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, aiki na tafiya. In fari ne ko kore, ko ma babu su, to waken nan ci yake daga ƙasarka kamar kowace shuka, kada ka sa rai da ragin taki baɗi. Sau da yawa laifin kwanciyar ruwa ne ko rashin fosfat.

Yanzu ga inda maganar take, wato kaka. Ana yawan cewa gyaɗa na ƙara wa gona ƙarfi, a yi shiru daga nan. Tambayar ita ce, me ka bar wa gonar? Mafi yawan naitirojin da shukar ta tara yana cikin ƙwaya da ganye. Gyaɗa kuwa tuge ta ake yi har saiwa, a kai ƙwanso kasuwa, a ɗaure harawa a sayar wa mai tumaki. Wanda ya yi haka ya kwashe kusan duk abin da aka tara, ya bar ƙasa da suna kawai. Wake ya fi ta alheri a nan, don yana zubar da ganye tun yana tsaye, saiwarsa kuma tana ruɓewa a inda take. Lubiya afin da dabbobi suka ci a cikin gonar ta fi su duka.

Ba zan ce wa kowa ya binne harawa ba, na san kuɗinta a bazara, ni ma ina da awaki. Amma akwai tsaka-tsaki. Yanki wake da lauje a bar gindin, kada a tuge. Kakkaɓe gyaɗa a cikin gonar, ganyen da ya zuba ya zauna nan. In dabbobinka ne za su ci harawar, a mayar da kashinsu kashin gonar da ta fito, ko a ɗaure su can su kwana. Tushiyar dawa kuma kada a cinna mata wuta. Sai dai ka sani busasshen kara yana riƙe naitirojin na ɗan lokaci yayin da yake ruɓewa, shi ya sa dawar da ta bi dawa ke tashi da yunwa, wake kuwa bai damu da hakan ba.

Shekara ta zagayo, dawa ko alkama ta hau gurbin wake. Nawa za ka rage? Kada ka karɓi lamba daga bakin kowa, gonarka ce za ta faɗa. Malaman gona na Wad Madani suna auna yuriya da abin da suke kira kashi ɗaya, wato wajen kilo 40 a faddan (filin da ya ɗan fi eka ɗaya), wanda ke ba da kamar kilo 18 na naitirojin, alkama kuma galibi kashi biyu ake ba ta. Ware layi uku masu faɗi ɗaya da tsawo ɗaya a tsakiyar gonar, ba a bakin rafi ba. Na farko ka ba shi yadda ka saba, na biyu rabi, na uku ko ƙwaya. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya.

Yadda ake zuba yuriyar ma rabin lissafin ne. Ƙasarmu mai kanwa-kanwa ce, yuriyar da aka watsa a kai aka bar wa rana iska ke kwashe ta. Zuba bayan an yi firi an rage shuka, sati uku zuwa huɗu da tsirowa, a kan ƙasa mai danshi, a rufe. Mai ban ruwa ya saki ruwa a ranar.

Ƙuduji kuwa shekara ɗaya ba ta kashe shi, irinsa na iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara goma. Gyaɗa da wake suna yaudarar wani kaso ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, saura kuma hannunka ne: cire shi kafin ya zubar da iri, ka fitar da shi daga gonar ka ƙone.

Da kaka, girbe layukan nan uku dabam, ka sussuka dabam, ka auna da mudu ɗaya. Bambancin na farko da na biyu ka mayar da shi kuɗi a farashin kasuwar ranar, ka ɗora kusa da kuɗin yuriyar da ka rage. Rubuta a takarda tare da sunan kashin gonar da abin da ya riga dawar, don baɗi kashi na gaba za ka auna.